Darasi na Takwas: Haɗa Sifikoki a Gida da Kuɗi Kaɗan

Kayan sauti na gida, manya ne ko ƙanana, sassa huɗu ne. Akwai tushen sauti, wato wayar hannu, talabijin, rediyo, dikoda ko kwamfuta. Akwai amfilifaya, wadda take karɓar ɗan raunanan saƙon da tushen ya aiko ta ƙara masa ƙarfi. Akwai sifika, mai mayar da wannan ƙarfi ya zama sautin da kunne yake ji. Na huɗu su ne wayoyin da suke haɗa waɗannan ukun. Wayoyin sun fi komai araha, kuma a wajensu aka fi yin sakaci. Sau da yawa amfilifayar da ta ƙone ko sifikar da take kakari lafiyarsu ƙalau aka sayo su, a wajen haɗi aka illata su. Mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya yi wata da watanni yana tari kafin ya sayi kayansa, ya fi kowa bukatar sanin ƙa'idojin haɗi, domin in suka ƙone ba lalle ya sami halin sayen wasu ba.

Yadda sifika take fitar da sauti

In aka cire ragar da ke gaban sifika, za a ga wani faifai na takarda mai kauri ko na roba, mai zurfi a tsakiya kamar mazurari. A bayansa an liƙa ɗan naɗin siririyar waya, wanda masu gyara suke kira kwayil, yana zaune cikin wani tsagi a jikin maganaɗisu. Idan wuta ta bi ta naɗin, maganaɗisun yakan tura shi gaba ko ya ja shi baya, gwargwadon ɓangaren da wutar ta biyo. Faifan yana bin naɗin, yana bugun iska, bugun nan ne yake isa kunne a matsayin sauti. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau da shi galibin sifikoki suke aiki.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Faifai ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan duka da kyau, shi ya sa ake raba aikin. Babban faifai, wanda ake kira ufa, yana fitar da amo mai kauri, wato bes. Ƙaramin, tuwita, yana fitar da siririn sauti. Akwatin da aka kafa su a ciki ma yana da nasa aikin. Lokacin da faifai ya tura iskar gaba, yana janye ta baya, in babu shamaki sai su biyun su kashe juna. Saboda haka sifikar mota da aka rataye tsirara a bango ba ta da bes, amma in aka kafa ta a akwatin katako da aka toshe ko'ina, ko a bakin tulu, nan take muryarta take cika.

Sifika iri biyu

Wasu sifikoki suna da amfilifaya a cikinsu. Ana gane su da igiyar wuta da maɓallin ƙara murya. Irin waɗannan kai tsaye ake haɗa su da tushen sauti. Wasu kuma ba su da komai a baya sai bakin waya biyu, ja da baƙi, su ne suke bukatar amfilifaya daban, kuma a kansu mafi yawan wannan darasi yake.

Bai kamata a ɗauko waya daga bakin sifika na amfilifaya a sa ta a mashigar sifika mai wuta ba. Mashigar an yi ta ne don saƙon da bai wuce bolt ɗaya ko biyu ba, alhali amfilifaya mai wat 50 tana iya fitar da bolt 20 a kan sifika mai om 8.

Om da wat

A bayan sifika akan ga lamba tare da alamar Ω, galibi 4, 6 ko 8. Wannan shi ne om, ma'aunin turjiyar da sifika take yi wa wuta. Sunan ya samo asali daga Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ƙa'idar a 1827. Amfilifaya kamar injin ban ruwa take a fadama. In bututun da ake turawa matsattse ne, ruwa kaɗan ke fita, injin yana aiki cikin natsuwa. In aka faɗaɗa bututun fiye da kima, injin zai yi ta zuba har ya wuce ƙarfinsa. Om mai yawa matsattsen bututu ne, om kaɗan kuma faffaɗa. Sifika mai om 4 tana jan ninki biyu na wutar da mai om 8 take ja.

Kusa da bakin wayoyi a bayan amfilifaya akan rubuta iyakarta, misali 4 zuwa 16, ko 8 zuwa 16. Ƙaramar lambar ita ce abin kiyayewa. Sifika mai om 8 a kan amfilifayar da ta yarda da 4 ba ta da wata illa. Akasin haka ne yake sa amfilifaya ta yi zafi, ta riƙa ɗaukewa, wata rana ta ƙone. Sifikokin mota galibinsu om 4 ne, wasu ƙananan sifikokin da suke zuwa a saiti ɗaya da na'urarsu kuma om 3 ne. Duk wanda ya sayi na hannu, a kasuwar Sabon Gari ta Kano ne ko a Alaba ta Legas, ya duba wannan lamba kafin ya biya. In rubutun ya goge, ana aunawa da mitar masu gyaran lantarki. Mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma wajen 3.

Wat ma'aunin ƙarfi ne. Lambar da aka rubuta RMS a gefenta ita ce ƙarfin da na'ura take iya riƙewa na tsawon lokaci. Wadda aka rubuta PMPO, mai dubbai a jikin kwali, ta talla ce, ba a gina lissafi a kanta. Ɗaki ko matsakaicin falo, wat 20 zuwa 50 a kowane ɓangare, hagu da dama, sun wadatar. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa a kunne, sai an ninka kusan sau goma kafin a ji kamar ƙarar ta ninku. Ƙaramar amfilifaya da aka mure ta har ƙarshe takan fara yayyage sauti, kuma wannan yagaggen sauti yana ƙona tuwita. Da zarar murya ta fara kakari, an kai iyaka, sai a rage.

Zaɓen waya

Abu uku ake dubawa a wayar sifika: ƙarfen da ke ciki, kaurinsa, da tsawon wayar. Waya ma tana da tata turjiyar, wadda take ƙaruwa da tsawo, take raguwa da kauri. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin ɗari na om ɗin sifika. Ana auna kauri da milimita murabba'i, a kasuwa kuwa da lambar kawai ake kiranta. Ga iyakar tsawon wayar jan ƙarfe mai igiya biyu bisa wannan ƙa'ida:

- Mai lamba 0.75: kusan mita 8 ga sifika mai om 8, mita 4 ga mai om 4.
- Mai lamba 1.5: kusan mita 17 ga mai om 8, mita 8 ga mai om 4.
- Mai lamba 2.5: kusan mita 29 ga mai om 8, mita 14 ga mai om 4.

Ke nan a yawancin ɗakuna mai lamba 1.5 ta isa har da saura. Wayar lantarki mai laushi mai igiya biyu, irin wadda ake samu a shagon kayan wuta, tana yin aikin daidai da mai tsada da aka ƙawata wa kwali, muddin kaurinsu ɗaya. In an ga an rubuta AWG a jikin waya, lambar juye take: 16 ta fi 18 kauri, 14 kuma ta fi 16. Lamba 16 ta yi kusa da 1.5, lamba 14 ta ɗan haura 2.

Inda ake ruɗar mai saye shi ne wajen ƙarfen. Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wani lokaci akan rubuta CCA a jikinta. Alminiyam yana wucewa da kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya yake wucewa da ita, ga shi da saurin karyewa a bakin haɗi. Ana gane ta tun a shago: a ɗauki sili ɗaya a kankare shi da reza. In jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ne. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. A kuma duba silin kansu, domin wata wayar roba ce mai kauri da 'yan sili ƙalilan a tsakiya. Wanda ba shi da zaɓi sai ta alminiyam, ya rage sulusin tsawon da aka lissafa a sama, ko ya ɗauki mai gaba da ita a kauri.

Ja da baƙi

Kowace sifika tana da baki biyu: ja mai alamar +, da baƙi mai alamar −. Haka ma kowane ɓangare na amfilifaya. Ja yana zuwa ja, baƙi yana zuwa baƙi. Masu yin waya sukan bambanta igiyoyin biyu da launi, ko zane, ko rubutu, ko wani ɗan tudu da yatsa yake ji a jikin ɗaya. Sai a tsai da cewa mai alamar ita ce ta ja, a bi haka a kowane baki.

Juya waya a sifika ɗaya ba ya ƙona komai, amma yana ɓata sauti. Yayin da faifan dama yake tura iska, na hagu yana janye ta, sai bes ya zube, muryar mai magana kuma ta rasa mazauni, a ji ta kamar daga bango take fitowa. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan sifika, su yi ta mure maɓallin bes, alhali gyaran bai wuce juya waya biyu ba.

In alamomin bayan sifika sun goge, batirin tocila mai bolt 1.5 yana warware matsalar. A cire sifikar daga amfilifaya, a cire ragarta. A dafa waya ɗaya a gindin batirin, a ɗan taɓa ɗayar a kansa mai tsini, ido yana kan babban faifan. Za a ji ɗan ƙas, a ga faifan ya motsa. In waje ya yunƙuro, wayar da ke kan tsinin ita ce ta ja. In ciki ya shige, ita ce ta baƙi. Taɓawa ce ta ƙiftawar ido, ba a barin batirin a haɗe, kuma ba a yin wannan gwaji a kan tuwita ita kaɗai.

Matakan haɗawa

1. A kashe amfilifaya, a zare ta daga soket, a mayar da maɓallin murya ƙasa.
2. A ajiye sifikoki inda za su zauna, a auna waya ta bin bango, a ƙara rabin mita na sassauci.
3. A tsaga igiyoyin biyu tsawon yatsa, a feɗe robar kowace kamar santimita ɗaya. Da reza, a zagaya robar a hankali ba tare da dannawa ba, a lanƙwasa ta har ta buɗe, sannan a zare. In sili da yawa sun yanke, a datse a sake.
4. A murɗe silin da yatsu har su zama tsinke ɗaya, babu ko guda da ya yi tsaye a gefe.
5. In bakin mai dannawa ne, a danna, a zura wayar, a saki. In mai murɗawa ne, a kwance shi, a zura ta ramin da ke jikin ƙarfen, a ɗaure da hannu tamau. Ƙarfe ya kama ƙarfe, kada ya ciji roba.
6. Sifikar hagun mai sauraro tana zuwa bakin da aka rubuta L, ta dama kuma R.
7. A ɗan ja kowace waya a ga ta kamu, a haska tocila a duba ko wani sili ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa.

Mataki na bakwai ya cancanci natsuwa. Sili ɗaya mai kaurin gashi, in ya haɗa ja da baƙi, ya isa ya kashe amfilifaya. Haka kuma ba a haɗa baƙin hagu da baƙin dama wuri ɗaya don tsimin waya, kuma ba a jingina baƙi da jikin ƙarfen na'ura. A yawancin ƙananan amfilifayoyin zamani masu aiki da bolt 12 zuwa 24, irin waɗanda ake sa wa batirin sola, baƙin bakin ma ɗauke yake da wuta kamar jan.

In dole sai an yi wa waya ƙari, a sa mahaɗin ɗaya ya ɗara ɗayan da 'yan santimita don kada su yi daura da juna, a murɗe sosai, a liƙe da dalma in da hali, a naɗe kowanne daban da baƙin salatif.

Sifika fiye da ɗaya a ɓangare guda

Wanda yake son sauti ya kai tsakar gida ko shago yakan ƙara sifikoki. Hanya biyu ce. Ta farko haɗin sahu: jan kowace sifika ya tafi jan amfilifaya, baƙi ya tafi baƙi, kowace tana tsaye kafaɗa da 'yar'uwarta. A nan om raguwa yake yi. Biyu masu om 8 sun zama 4, biyu masu om 4 sun zama 2, wanda ya fi ƙarfin galibin amfilifayoyin gida. Ta biyu haɗin jerin gwano: jan amfilifaya ya shiga jan ta farko, baƙinta ya shiga jan ta biyu, baƙin ta biyu ya koma amfilifaya. A nan tarawa ake yi, biyu masu om 4 sun zama 8. Jerin gwano ya fi kyau in sifikokin iri ɗaya ne, kuma in waya ta tsinke a ɗaya, duka za su yi shiru.

Ana iya gwama hanyoyin. Sifikoki huɗu masu om 8, in aka jera su bibbiyu suka zama 16 da 16, sannan aka haɗa jerin biyun a sahu, sun koma 8. Amfilifaya mai bakin A da B kuwa, yawanci a sahu take haɗa su in an kunna duka biyun, don haka a karanta abin da aka rubuta a bayanta game da hakan.

Daga tushe zuwa amfilifaya

Wayar da take kawo saƙo daga tushe daban take da ta sifika. Siririya ce mai rufin kariya a ciki, kuma gajartarta ta fi. Wadda aka fi sani ita ce RCA, mai kai biyu: ja na dama, fari na hagu. Kwamfuta da wayoyin hannu da yawa suna amfani da ɗan tsinke mai milimita 3.5, sai a nemi waya mai tsinke a gefe ɗaya da RCA a ɗayan, a sa ta a mashigar AUX. A talabijin, a nemi bakin da aka rubuta OUT, domin yawancin ramukan ja da fari da ke bayansa na shiga ne. In ba shi da mafita sai ta haske, ana samun ɗan akwatin da yake juya ta zuwa RCA, kuma sai an zaɓi PCM a tsarin sautin talabijin ɗin. Tsohuwar amfilifaya ma tana karɓar Bluetooth in aka saya mata ƙaramar na'urar karɓa aka sa a AUX.

Wajen kunnawa, tushe ne farko, amfilifaya ce ƙarshe. Wajen kashewa, ita ake fara kashewa. Wannan yana kare sifika daga bugun da ake ji lokacin da na'ura ta tashi.

Mazaunin sifika

Raba sauti hagu da dama, wanda Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1931, yana armashi ne in tazarar da ke tsakanin sifikokin biyu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa mai sauraro. Mita biyu ta wadatar a yawancin ɗakuna. Tuwita ta yi daidai da kunnen wanda ke zaune, a kujera ne ko a darduma. Kusanci da bango yana ƙara bes, kusurwa kuma ta fi ƙarawa, har yakan zama gunji. Ɗakin siminti ko tayil da babu kaya yana amsa kuwwa. Kafet, labule da kujerun kushin suna shanye ta ba tare da an kashe ko kwabo a kan na'ura ba. A bangon da aka haɗa da maƙwabci, bes ne yake ratsawa, don haka nisanta sifika daga wannan bango da rage murya da dare suna cikin kiyaye haƙƙinsa.

Wuta, ƙura da ɓera

Wutar gida a Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230 a ƙa'ida, amma takan hau ta sauka. In an ɗauke wuta, a kashe amfilifaya, kada a kunna sai wutar ta dawo ta zauna. Haka ma lokacin tayar da janareta. Sitabilaiza tana taimakawa, kuma in hadari ya taso da tsawa, zare fulogi ya fi kowace kariya. Kayan hannu da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, na Japan na bolt 100, sai da taransifoma mai rage wuta. Amfilifaya tana shan iska ta ramukan jikinta, ba a rufe ta da ƙyalle tana aiki, a riƙa kuma kakkaɓe mata ƙurar hunturu. Danshin damina yana sa bakin waya ya dushe ko ya yi kore, sai a datse a feɗe sabo. A ɗaga wayoyi daga ƙasa a kafe su a bango, nesa da ƙafar yara da haƙorin ɓera.

Gano matsala

In ɓangare ɗaya ya yi shiru, a kashe, a musanya wayoyin hagu da dama a bayan amfilifaya. In shirun ya tsaya a sifikar da yake, matsalar tana jikinta ko a wayarta. In ya koma ɗayar, tana amfilifaya ko tushe. In ana jin gurnani mara yankewa, a raba wayar saƙo da igiyar wuta, in dole su haɗu su gitta juna, a kuma sa duk na'urorin a soket ɗaya. Ba a cire ƙafar fulogi ta uku don maganin gurnani, domin ita take kare mutum daga jan wuta. In amfilifaya tana ɗaukewa da an ƙara murya, a nemi silin da ya tsallaka, a sake lissafin om. Buɗe cikinta aikin mai gyara ne, saboda wasu sassanta suna riƙe wuta ko bayan an zare ta.

Tambayoyi da aikin gwaji

1. Amfilifaya ta nuna 8 zuwa 16, ga sifikoki biyu masu om 4 da ake so a sa a ɓangare ɗaya. Wane haɗi ya dace, kuma om nawa zai bayar?
2. Sifika mai om 4 tana nesa da amfilifaya da mita 12. Wace waya ta dace?
3. Ta yaya ake gane wayar alminiyam a shago?
4. Me ya sa bes yake raguwa in aka juya wayar sifika ɗaya?
5. Kowane mai koyo ya feɗe bakin waya huɗu ba tare da ya yanke sili ba, sannan ya gano bakin ja na wata sifika da batiri, malami yana dubawa.